Ranar da Aka Kwance Goyo

Makullan suka faɗi a kan tayil da ƙara, daidai bayan kan jaririyar. Ni'imatullahi ta ga komai ta cikin madubi. Ba suɓucewa suka yi ba. Matar da ke tsaye a bayanta ta ɗaga hannu sai da ya kai tsayin kafaɗarta, ta buɗe yatsu ta sake su, idonta kuma ba a kan makullan yake ba, yana kan ƙeyar Usaina da ke goye a bayan uwarta Ni'ima.

"Kai, hannun nan ya tsufa," in ji Madam Cordelia. Ta sunkuya tana nishi ta tsince su.

Ni'ima ta gyara majanyi, ta ƙara ɗaure shi tam, ta bar wurinta na kullum ta koma can ƙarshen layi kusa da taga. Usaina na ta tsotsar gefen zanin goyo, ko motsi ba ta yi ba.

Ɗakin yana saman wani kemis ne a hanyar Jos, dogo, da madubi shafe da bango guda. A nan Anti Vera, wata tsohuwar nas, take koya wa mata rawar ƙugu irin ta Larabawa, ranakun Talata da Alhamis bayan la'asar. Yawancin ɗalibanta matan da suka haihu ne jiki ya ƙi komawa yadda yake. Ni'ima ma ciwon baya ne ya kawo ta, wanda ya kama ta tun da aka yi mata aiki aka ciro mata 'ya'ya. Mijinta, Bahauddeen, mai shagon maganin dabbobi a hanyar Makurɗi, ya yarda da sharaɗi biyu: kada namiji ya shiga, kada a ɗauki hoto. Anti Vera ma dokarta ke nan tun asali. Akwai wata jar roba a bakin ƙofa, duk wadda ta shigo sai ta jefa wayarta a ciki, a rufe da faifai, ba a buɗewa sai an tashi.

Sauran matan kan shimfiɗa 'ya'yansu a tabarma, ko su bar su a gida. Ita dai Ni'ima da goyonta ta koyi komai. Da goyo ta koyi ɗaga ƙugu ɗaya ta saki, da goyo ta koyi zagaya shi a hankali kamar mai tankaɗe, da goyo ta koyi karkarwar nan da ke sa ƙananan ƙarafunan ɗamara su yi ta kacau-kacau. A ƙasan goyon take ɗaura ɗamarar. Ba ta taɓa miƙa wa kowa Usaina ba, ko don ta shiga banɗaki.

Tana da dalilinta. Biyu ta haifa, tun watanninsu ba su cika ba. Aka saka su a kwalba, jikinsu ya yi rawaya da shawara, Hassana ta koma, Usaina ta zauna. Ranar da aka sallame su daga asibiti, Inna, mahaifiyarta, ta zo daga Kwandere da ƙwaryar nono da man shanu, ta ja ta gefe ta ce, "Ki riƙe wannan da kyau. Idan ɗaya ya tafi, yakan dawo yana kiran ɗan'uwansa. Kuma ki kiyayi mai yawan kallo, ki kiyayi mai yawan yabo." Ni'ima ta yi makaranta, ta san abin da likita ya ce ya kashe Hassana. Amma maganar Inna ta samu wuri ta zauna.

Ga kuma Madam Cordelia, mai yawan kallo.

Babbar mace ce, ta kusa haifar Ni'ima, 'yar Tibi daga Assakio, dillaliyar doya da ake lodawa mota-mota zuwa kudu. Ta ce ta zo ne ta rage tumbi kafin bikin 'yar ƙanwarta. Muryarta kan riga ta hawa bene. Ranar farko da ta ji sunan yarinyar, ta tsaya ta ce, "Usaina? To ina Hassana ɗin shi?" Ni'ima ta ce Allah ya karɓi abinsa. Da wata mace ce, da ta yi ta'aziyya ta wuce. Ita kuwa sai ta matso.

"An haife shi da wuri, ko? Ya yi shawara?"

Ni'ima ba ta taɓa faɗa wa kowa wannan a ajin ba. Ta kwana tana juya tambayar.

Daga nan abubuwa suka fara taruwa. Wata rana ta ji tafi a bayanta, tas, ta juyo ta ga Madam Cordelia da tafin hannu a haɗe, ta ce wai sauro ne. Wata rana ta ji ana raɗa "Usaina" ta gefen hagu, can kuma ta gefen dama, a hankali, kamar mai gwada ƙofa ya ji ko a kulle take. Kiran nan ne ya fi tayar mata da tsigar jiki. Yau kuma makullai.

Da yamma, tana tuƙa tuwo, ta gaya wa Bahauddeen. Yana zaune a kan tabarma da Usaina a cinyarsa, janaretan maƙwabta na ta ruri ta bayan katanga.

"Baban Usaina, matar nan akwai abin da take nema."

"Me za ta nema? Mace mai loda tirela da doya, ta rasa abin sata sai wannan 'yar mitsitsiyar?" Ya ɗaga yarinyar sama ya yi mata gwalo, ta ƙyalƙyale. "In ta sace ta ma sai ta dawo da ita, don ba za ta iya da cinta ba."

"Ni ba wasa nake yi ba. Kiran sunanta take yi a ɓoye."

"To sunan na ɓoyewa ne? Ni'ima, ki kwantar da hankalinki. Mutane suna son yaro mai haƙuri. Ji janaretan nan, ni kaina ya hana ni sakat, ita kuwa ko a jikinta. Kowa ya gan ta sai ya so ta."

Ni'ima ta ci gaba da tuƙi da ƙarfi fiye da yadda tuwon ke bukata. Akwai abin da ba ta faɗa ba, don ta san zai ce ta bari. Shekarun baya an yi rigima tsakanin masu gona da masu shanu a wajen su Madam Cordelia, an ƙone rumbuna, an kashe dabbobi, wani kawun Ni'ima ma sai da ya tashi da rugarsa. A ajin Anti Vera ba mai ɗaga wannan magana. Ana dariya tare, ana ara wa juna fil da hoda. Amma wa ya san abin da wani ya rasa, wa ya san abin da ya ajiye a ransa?

A gwajin ƙarshe kafin ranar nuni, wadda ɗaliban za su yi rawa a gaban baƙi, Anti Vera ta kashe kiɗa ta tafa hannu.

"Asabar ƙarfe huɗu. Kowa ta gayyato mata uku, mata kawai, wayoyinsu kuma cikin roba. Rukuni biyu ne kamar yadda muka tsara." Ta juyo. "Maman Usaina, ke kuma ranar ba goyo."

"Anti, ai da shi na saba."

"Na sani. Amma ɗamarar da aka ɗinko mana faɗi gare ta, a kan ƙugu take zama, ba ta hawa kan majanyi. Ga juyin nan na ƙarshe mai sauri, ban yarda ki yi shi a gaban mutane da yarinya a baya ba, ƙafa ta zame a ce Vera ta karya 'yar mutane. Waƙa ɗaya ce fa, ba tafiya Makka ba."

Matan suka yi dariya. Daga can baya muryar Madam Cordelia ta taso.

"Ka kawo shi, ni zan riƙe. Gwiwana ya kumbura, ba zan yi rawa ba sef."

"Na gode, Madam," in ji Ni'ima, ba tare da ta waiwaya ba. "Na riga na yi magana da Erdoo."

Ba ta yi ba, sai a kan bene suna sauka ta riƙo hannunta. Erdoo malamar firamare ce, sa'ar Ni'ima, a rukunin farko take, don haka za ta gama kafin na biyu ya shiga. Ta ce ba komai. Ni'ima ta sa ta ta yi alkawari: ba za ta ba kowa ba, ba za ta fita da ita ba, za ta zauna a kujerar gaba inda ido zai kai.

"Haba, sai ka ce gwal zan riƙe," in ji Erdoo.

"Ya fi gwal."

Ranar Asabar ɗakin ya canza kama. An rufe madubi da labule mai ruwan goro, an jera kujerun roba, an ɗauko hayar wata ƙatuwar sifika aka girke ta a lungu, tsayinta ya kai ƙirjin mutum. Jar robar ta cika har aka ƙara bokiti. Mata sun zo da yayyensu da maƙwabtansu, wasu da hijabi har ƙasa, wasu da gashin doki har gadon baya, ana ta fifita da mayafi saboda fankar ba ta isa ba. Ƙamshin turaren wuta ya gauraya da na cincin. Ni'ima ba ta gayyaci kowa ba.

A ɗan ɗakin canza kaya ta kwance goyon. Bayanta ya jiƙe da gumi inda yarinyar ke kwanciya, iska ta buga wurin ta ji sanyi har cikin ƙashi. Ta sa doguwar riga mai ruwan ganye, Anti Vera ta ɗaura mata sabuwar ɗamara ta ja ta tsuke.

"Dubi ƙugu, don Allah. Ashe kina da shi kika ɓoye mana."

Ni'ima ta shayar da Usaina har ta ƙoshi, ta tofa mata addu'a a maɗiga. Rukunin farko suka yi nasu, aka yi tafi da guɗa. Erdoo ta fito tana haki ta karɓi yarinyar, ta zauna a kujerar gaba kamar yadda aka yi da ita. Rukuni na biyu suka jeru, fuska ga jama'a.

Sai Anti Vera ta ƙirga kawuna ta ga layin ya karkace. Doris, ɗaya daga cikin 'yan rukunin, ba ta zo ba, ɗanta ba lafiya.

"Erdoo! Taso ki cike wurin nan, kin iya ta ai. Yi sauri!"

Erdoo ta miƙe tana waige-waige. Hannuwa biyu masu kauri, da awarwaro, suka miƙo daga kujerar da ke bayanta. Ni'ima ta buɗe baki, amma ganga ta riga ta faɗo daga sifika, ta cika ɗakin. Erdoo ta shigo layi tana yi mata alamar ban haƙuri da ido. Usaina kuwa tana kan cinyar Madam Cordelia.

Ƙafafun Ni'ima suka fara da kansu. Ɗaga na farko ta san akwai matsala. Ƙugunta ya saba ture nauyi, yau ba nauyin, sai ya wuce inda ya kamata, ya dawo da ita gefe har ta taka yatsan ta kusa da ita. Ta saba ɗan ranƙwafawa gaba don ta tare goyo, yanzu sai ta ji kamar za ta kife. Jikin da ta yi watanni tana koya wa rawa ashe jikin mutum biyu ne. Ta riƙa binsa da lissafi, idonta kafe a kujera ta biyu.

Madam Cordelia ba ta kallon rawar. Ta juyar da yarinyar ta ba ta baya, ta kai baki dab da kunnenta. Leɓunanta suna motsi. Ta koma ɗaya kunnen.

Ni'ima ta fara karanta duk abin da ya zo bakinta. Kiɗa ya kai wurin da za su juya wa jama'a baya, su ɗaga hannuwa, su saki karkarwa. Da madubin yana buɗe da ta gani. Yanzu ba komai a gabanta sai labule. Ɗamaru fiye da goma suna kacau-kacau, mata na ihu, wata na cewa "Mai koriya, a kashe mu!" Ita kuwa ba abin da take ji sai sanyin nan a tsakiyar bayanta. Ba a taɓa yin ganga mai tsawon wannan ba.

Da suka juyo, kujerar ba kowa.

Idonta ya zaga ƙofa, a rufe take. Ya zaga taga. Sai ta hango su a lungu. Madam Cordelia ta durƙusa a kan gwiwar da ta ce ta kumbura, ta kai yarinyar dab da bakin sifika, inda babba ma ba ya iya tsayawa, ta kama ɗan hannunta ta manna shi a jikin akwatin.

Ni'ima ba ta san lokacin da ta keta layi ba. Ta ture kujera, ta tsallake jakar wata, ɗamararta na ƙara kamar an watsar da cokula. Anti Vera ta danna abin kashewa. Shiru ya faɗo.

A cikin shirun nan, kafin hannunta ya kai, ta ga fuskar 'yarta. Usaina dariya take yi, baki buɗe, haƙoranta biyu na ƙasa a waje. Sai dariyar ta tsaya. Ta dubi akwatin, ta bubbuga shi da tafin hannu, ta sake bubbugawa, kamar mai tashin wanda ya yi barci.

Ni'ima ta fizge ta.

"Me kike nema da 'yata?" Muryarta ta fito da ƙarfin da ba ta san tana da shi ba. "Tun ranar da kika gan ta kike binta. Ki faɗa a gaban mutane, me muka yi miki?"

"Subhanallahi," in ji wata daga cikin baƙi. Wata kuma ta ce, "Wetin happen?" Kujeru suka fara motsi, kuma Ni'ima ta lura, ko a cikin fushinta, yadda masu hijabi suka ɗan karkato gefenta, sauran suka karkata ɗaya gefen, ba tare da kowa ya ce a yi ba.

Madam Cordelia ta dafa bango ta miƙe da ƙyar. Ba ta ɗaga murya ba, karo na farko tun da aka san ta.

"Zo waje, 'yata. Ba maganan mutane ba ne."

"Ba inda za ni da ke."

"To tsaya a bakin ƙofa, ka riƙe yaron ka da hannu biyu. Vera, zo ka tsaya kusa da shi."

Suka fita baranda su uku, aka jawo ƙofa. A ƙasa masu adaidaita sahu na ta oda, mai lemo na yayyafa wa kayansa ruwa. Ni'ima ta tsaya nesa, ta rungume Usaina a ƙirji, ta tare kanta da tafin hannu.

"Ina da yaro," in ji Madam Cordelia. "Terkimbi. Yanzu ya girma, kafinta ne a Makurɗi, ya yi aure. Shi ma bai cika wata ba na haife shi, shi ma ya yi yalo, shawara ɗin nan. Kowa yana ce mini, Cordelia ka yi sa'a, yaron ka ba ya damun mutum. A coci ana buga ganga yana barci. A kasuwa mota ya yi oda yana barci. Ni ma ina jin daɗi, ina faɗa wa mutane." Ta goge wuya da gefen zani. "Sai da sa'o'in shi suka fara magana, shi shiru. Lokacin da na kai shi asibiti, likita ya ce, Madam, ina ka ke tun da?"

"'Yata tana ji."

"Allah ya sa."

"Tana ji, na ce. In aka sa kiɗa ina rawa, dariya take yi, tana buga mini baya daidai da ganga. Anti, ba kin gani ba?"

Anti Vera ta dubi yarinyar. Fuskarta ta koma irin ta nas.

"A bayan ka yake," in ji Madam Cordelia a hankali. "Jikin ka yake ji. Shi ya sa yau da aka sauke shi na ce bari in gani da kyau. Na kira nan, na kira nan, ba komai. Ganga yana fasa kunne na, ba komai. Sai da hannun shi ya taɓa akwati ya ji yana rawa, sai dariya."

"In haka ne me ya hana ki faɗa mini tun farko? Sai ki riƙa bin mu da makullai?"

Matar ta yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Ni? In zo in ce wa Bafulatana yaron ka ba ya ji? In ya zama ƙarya, na zagi yaro. In ya zama gaskiya, za ka ce baki na ne ya yi. Ko ba haka ba?"

A daidai lokacin kuwa abin da ke ran Ni'ima ke nan. Wa ya ce ba kiran nan na raɗa ba ne ya toshe kunnen? Wa ya ce kafin matar nan ta fara kallonta yarinyar ba ta ji? Ta nemi rana ɗaya, rana ɗaya tak, da Usaina ta firgita don ƙara. Ta nemi ranar da iska ta buga ƙofar ɗaki har hoton bango ya faɗo. Ta nemi lasifikar masallacin unguwa da ke kan katangarsu. Ta nemi ranar da tukunya ta suɓuce mata. Duk ta same su, a jere, kamar dama suna jiran a tambaye su, kuma a cikin kowacce Usaina na kwance tana wasa da yatsun ƙafarta.

"Ban ce tabbas ba ne," in ji Anti Vera. "Akwai gwajin da ake yi, ba zafi, tana barci ma za a yi. In da wuri aka gano, akwai abubuwa da yawa da ake iya yi yanzu. Ni ce ya kamata in lura, Maman Usaina. A gabana take kullum."

"Ba abin da za a gano," in ji Ni'ima.

Madam Cordelia ta matso taku ɗaya. Ni'ima ta ja baya taku ɗaya. Matar ta tsaya, ta ɗaga hannunta ta ɗora a kan nata maƙogwaron.

"Terkimbi, haka nake kiran shi yana ƙarami. In sa hannun shi a nan, in faɗi sunan shi. Har yau in ya zo gida sai ya sa." Ta sauke hannun. "Ka ƙi ni, ba komai. Ka dai kai shi."

Ta juya ta kama ƙarfen bene ta fara sauka, ƙafa ɗaya tana jiran ɗaya. Ko wayarta ba ta tsaya ɗauka a roba ba.

A ciki hayaniya ta fara tashi. Anti Vera ta dubi ƙofa, ta dubi Ni'ima.

"In sallame su?"

Ni'ima ta ce, "Miƙo mini zanina da majanyi."

Ta sassauta sabuwar ɗamarar ta zame da ita ƙasa, ta sunkuya ta ɗora Usaina a baya, ta ɗaure. Anti Vera ba ta ce komai ba game da juyin ƙarshe. Da suka koma, ta ce wa jama'a 'yar rashin fahimta ce, an gyara, a zauna. Aka maido da waƙar daga farko.

Wannan karon ƙugun bai wuce ba. Nauyin ya koma mazauninsa, ƙafa ta sami ƙasa, komai ya zo daidai kamar ana zuba ruwa a tulun da aka saba. Da ganga ta yi ƙarfi sai ta ji ɗan hannun nan a kafaɗarta, yana bugawa, yana bugawa. Sai ta yi wani abu da ba ya cikin tsari: ana tsakiyar kiɗa ta tsaya cak, ta bar sauran suka ci gaba. Ganga na nan tana dukan bango. Hannun ya tsaya. Ta sake motsa ƙugu. Hannun ya ci gaba.

Ba wanda ya lura sai Erdoo, wadda ta zaci mantuwa ce ta raɗa mata, "Hagu, hagu."

Aka gama, ɗaki ya ɗauki tafi. Wata dattijuwa mai hijabi ta taso ta rangaɗa guɗa dab da kafaɗar Ni'ima, har kunnenta ya yi ƙara, sannan ta leƙa goyon.

"Masha Allah, wannan 'ya da haƙuri take. Ko ƙiftawa ba ta yi ba."

"Na gode, Hajiya," in ji Ni'ima.

Rana ta yi sanyi lokacin da ta isa gida. Bahauddeen na tsugune a bakin rariya yana alwala, kaji na kiwo a gindin mangwaro. Ya tambaye ta yaya taro, ta ce lafiya lau. Ta shimfiɗa tabarma ta zaunar da Usaina, fuskarta ga katanga, inda inuwar ganye ke motsi. Yarinyar ta miƙa hannu tana son kamawa.

Ni'ima ta zaro ɗamarar daga jaka a hankali, ta dunƙule ta a hannu don kada ta yi ƙara. Ta zagaya ta bayan 'yarta ta durƙusa, ta kula kada inuwarta ta faɗa gaba. Ta daɗe a haka. Muddin ba ta girgiza ba, Madam Cordelia muguwar mace ce mai bin 'ya'yan mutane, kuma Ni'ima ta san yadda ake tsare yaro daga mugun mutum.

Ta girgiza.

Kaji suka watse. Bahauddeen ya ɗago da buta a hannu, ruwa na ɗiga daga gemunsa. Usaina na nan tana bin inuwar ganye da yatsa.

"Kin gani ko?" in ji shi yana murmushi. "Ko gezau. Allah ya yi wa yarinyar nan albarka."

Wani tunani ya zo wa Ni'ima, ba ta gayyace shi ba: duk watannin nan tana tsoron kada Hassana ta kira, Usaina ta amsa. Ta ajiye ɗamarar a ƙasa. Ta zagayo gaba, yarinyar ta gan ta, fuskarta ta washe, ta ɗaga hannuwa a ɗauke ta.

"Baban Usaina, ranar Litinin kada ka buɗe shago da safe. Za ka raka mu wani wuri."

"Ina?"

"In ka dawo daga masallaci zan gaya maka."

Ya tsaya yana dubanta, sai aka kira salla ta lasifikar da ke kan katanga, ya sa takalmi ya fita. Ni'ima ta ɗauki 'yarta ta ɗora a cinya. Ta waiwaya ta tabbata ba kowa a tsakar gidan. Sannan ta kama ɗan hannun, mai ɗumi da danshin yawu, ta manna shi a maƙogwaronta.

"Usaina," ta ce.

Yarinyar ta tsaya cak, idanunta suka buɗe. Ta danna yatsunta a wurin, tana jira a sake.